Lafiyar Iyaye Bayan Sun Ajiye Aiki: Nauyi Ne A Wuyan Matasa

Ranar Asabar ɗin da ta gabata ne matasa daga ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan suka hallara a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin garin Maƙarfi domin sauraren jawabi a kan yadda iyaye za su zauna lafiya bayan sun ajiye aiki. Wanda ya gabatar da jawabin wani dattijo ne, malamin asibiti, wanda ya yi shekara 35 yana aiki a ɗakunan shan magani na wannan yanki kafin shi ma ya yi ritaya. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzonsa (S.A.W.), Malamin ya fara da cewa ya san wasu 'yan'uwa za su yi mamakin abin da ya sa aka tara samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya ana yi masu zancen tsufa da ritaya, alhali da yawansu ko aikin ma ba su samu ba balle su yi tunanin ajiye shi. Ya ce dalilai biyu ne. Na farko, babu wanda ke zaune a wurin face yana da uba ko baffa ko kawu a gida wanda ya ajiye aiki ko ƙarfinsa ya fara ja baya a gona, kuma ranar da wannan dattijo ya faɗi, saurayin nan ne zai nemo mota, shi zai kwana a asibiti, shi zai ciyo bashi. Na biyu kuma, jikin da mutum zai tsufa da shi tun yana saurayi yake gina shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

LABARIN WANI HEDIMASTA

Daga nan sai Malamin ya ba da labarin wani hedimasta da ya sani a wani ƙauye na wannan yanki, wanda ya ce ba zai ambaci sunansa ba. Ya ce wata uku bayan mutumin ya ajiye aiki ya zo ɗakin shan magani da ciwon kai, da aka auna jininsa sai aka tarar ya kai 190 bisa 110. Aka rubuta masa magani, ya sha na wata guda, ciwon kai ya tafi, sai ya ɗauka ya warke ya ajiye maganin. Bayan kamar wata takwas, da asuba yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta gagara. Mutanen gida suka ce iska ce ta shafe shi, aka yi kwana uku ana hayaƙi, sai a na huɗu aka kai shi asibiti.

Ya ce wannan bawan Allah bai rasu a lokacin ba, shekara huɗu ya yi a kan tabarma da ɓarin jiki a shanye, sai an kwantar sai an tayar. Kuɗin sallamar da ya yi shekara 35 yana jira ya ƙare a sayen magani da kuɗin mota, aka sayar da fadamar rake, babban ɗansa kuma ya bar karatu ya koma acaɓa domin a ci abinci a gidan. "Ƙwaya ɗaya a kullum ita ce ta raba gidan nan da halin da ya shiga," in ji Malamin, "kuma a gidan akwai samari uku masu karatu, amma babu wanda ya taɓa tambayar mahaifinsu ko ya sha maganinsa."

ABIN DA RITAYA KE ƊAUKEWA

Malamin ya ci gaba da bayanin cewa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai wuce kimanin shekara 54 ba, wanda yana cikin mafi ƙaranci a duniya. To amma ya ce kada wannan lissafi ya ruɗi kowa, domin yawan mutuwar ƙananan yara ne ke jawo shi ƙasa. Wanda Allah Ya kai shi shekara 60, galibi akwai sauran shekaru fiye da goma a gabansa, wasu ma ashirin ko talatin. Tambayar ita ce a tsaye zai yi su ko a kwance.

Ya ce a ƙa'idar aikin gwamnati mutum yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, sai dai dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa shekara 65 ko 40 na aiki. Saboda haka wanda aka ɗauka aiki yana ɗan shekara 20 zai iya komowa gida yana da 55, da sauran ƙarfinsa. Wasu kuma ba su ma kai lokacin ba aka komo da su. Ya kawo misalin masaƙar KTL ta Kakuri da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, da malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama a wannan jiha bayan jarrabawar 2017. Ya ce mutanen Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi sun ga irin waɗannan iyaye sun dawo gida ba shiri.

A cewarsa, ranar da mutum ya karɓi takardar ritaya abubuwa huɗu ne ke tafiya tare ba tare da ya lura ba: motsin jiki na zuwa wurin aiki, abokan hira, kuɗin ƙarshen wata, da kuma jin cewa akwai masu jiran sa kowace safiya. Ya ce duk cutar da zai ambata a jawabin ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi huɗu take shigowa.

DIREBA DA KWANDASTA

Da ya juya kan motsa jiki, Malamin ya ba da labarin wani bincike da wani likita a Ingila mai suna Jerry Morris ya buga a 1953. Likitan ya bi diddigin ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, iska ɗaya suke shaƙa, amma direba yana zaune yini guda, shi kuwa kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar direbobi sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya nesa ba kusa ba. Ya ce tun daga lokacin bincike iri-iri suka yi ta tabbatar da wannan magana.

Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar. Wanda ya haura 65 kuma ana so ya ƙara da abin da zai ƙarfafa ƙafafunsa, kamar tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafa komai ba, domin kare shi daga faɗuwa. Malamin ya ce iyayenmu na dā ba su san wannan lissafi ba amma suna cika shi, domin da ƙafa ko keke suke zuwa gona da kasuwa. Yanzu kuwa babur ya shigo, ko masallacin Juma'a da ke bayan layi sai an goya Baba. Ya ce saurayin da ke ganin ya yi wa mahaifinsa gata da ya hana shi taka ƙasa, ya sani wani gatan cutarwa ne. Idan yana son lada, ya jera da shi su taka.

Sai dai ya ja kunne a kan wuce gona da iri. Ya ce akawun da ya yi shekara talatin bai riƙe fartanya ba, kada daminar farko ya ɗauki garma ya ce zai yi huɗar yini guda kamar ɗan shekara 25. Ya fara da kaɗan, da sanyin safiya, ya riƙa shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri ko da jikinsa ya bushe. In ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko numfashi ya gagara ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya, a kai shi a duba. Feshin maganin ciyawa da na ƙwari kuma a bar wa masu ƙarfi, su ma su rufe hanci da jiki.

HAWAN JINI

A nan ne Malamin ya fi daɗewa. Ya ce rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya wadatar. Ya ce sharrin wannan cuta shi ne ba ta sallama. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa majalisa, alhali jinin yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a hankali. Masu cewa ai da suna da shi da sun ji ciwon kai, ya ce ya sallaci gawar da yawa daga cikinsu.

Ya bayyana cewa idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka, to yana da hawan jini. Ya ce na'urar awo mai batir yanzu tana nan a manyan shagunan magani, kuma samari biyar ko goma na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya ta zama ta unguwa. Ya koya masu yadda ake yi: dattijo ya zauna a kujera ya jingina bayansa, ya huta minti biyar, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, kuma ya kasance bai ci goro ko ya sha shayi ko taba ba rabin awa kafin nan. A auna sau biyu, a rubuta a littafi da kwanan wata, a tafi da littafin duk ranar da za a ga likita. Idan awo ya kai 180 bisa 120 ga kuma ciwon kai mai tsanani ko ganin dishi-dishi ko ciwon ƙirji, to ba a jiran gobe.

Game da magani, ya ce abin da ya kamata kowane saurayi ya fahimtar da iyayensa shi ne maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a warke. Danne jinin yake yi, ranar da aka daina sai ya koma inda yake. In awo ya yi kyau, alama ce magani yana aiki, sai a ci gaba. In maganin yana kumbura ƙafa ko yana sa tari, a koma wa likita ya canza wani, akwai iri da yawa. In kuma kuɗi ne ya yi wuya, kamar yadda magunguna suka yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, a faɗa wa likita gaskiya ya rubuta mai sauƙin kuɗi, maimakon a riƙa sha yau a tsallake gobe.

Daga nan ya lissafa alamomin shanyewar ɓarin jiki guda uku da ya ce kowa ya haddace: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta karye ko ta ɗauke. Ya ce da an ga ɗaya daga ciki, mota za a nema. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin sai ya wuce huhu. Kada kuma a ba shi asfirin, domin cutar iri biyu ce, wata jijiya ce ta toshe, wata kuwa fashewa ta yi, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ke bambance su. Ya ce Allah Ya yi wa mutanen wannan yanki gata da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi masu nisa ba, ga kuma manyan asibitocin Ikara da Maƙarfi da za su fara duba mutum su tura shi gaba. Addu'a kuwa, in ji shi, babu mai hana ta, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

GISHIRI, KANWA DA SUKARI

Da yake magana a kan abinci, Malamin ya ce abin da ake so baligi ya ci na gishiri a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, haɗe da wanda ke cikin miya da burodi da yaji da komai. Ya ce ɗanɗanon miya na dunƙule da ake jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya cike yake da gishiri, sannan a ƙara gishiri, sannan Baba ya barbaɗa yajin da shi ma da gishiri aka daka. Ya shawarci a rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe zai saba cikin 'yan makonni.

Ya kuma ja hankali a kan kanwa. Ya ce a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi nazari a kan yawan masu jego da ake kawowa da ciwon zuciya da kumburin jiki, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Dalili shi ne sinadarin da ke cikin gishiri mai tara ruwa a jiki, shi ne kuma ke cikin kanwa. Saboda haka mai hawan jini da ke jiƙa kanwa yana sha don ciwon ciki, gishiri yake ƙara wa kansa bai sani ba.

Game da ciwon suga, ya ce alamominsa su ne yawan fitsari, yawan ƙishi, rama ba dalili da gyambon da ya ƙi warkewa, amma shi ma yakan daɗe a ɓoye. Idan aka auna jini da safe kafin a ci komai aka samu 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samu, to ciwon ya tabbata. Ya yi raha da cewa ya san a ƙasar rake yake magana, kuma ba ya so 'yan kasuwar Maƙarfi su yi masa a ture. Ya ce rake da mazarƙwaila arzikin yanki ne, amma wanda aka tabbatar yana da suga dole ya ja baya da su, haka shayi mai cokali huɗu na sukari, haka lemon kwalba, wanda babbar roba ɗaya kan ɗauki kusan cokali 12, wato abin da ya kai iyakar yini guda.

Ya ce abincin da jikin dattijo ke so yana nan a gonakinmu: dawa da gero, wake da waken soya, gyaɗa, nono, zogale, rama, kuka, alayyahu, kuɓewa, ga tumatir da Allah Ya hore wa Ikara da Kudan. A rage girman malmala, a yawaita miyar ganye da wake. Mai suga kuma a riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaya kan soke shi bai ji ba. Kada ya shiga gona ba takalmi, kada ya kara ƙafa a kaskon wuta da hunturu. Ya ce ƙafafu da yawa da aka yanke daga ɗan ƙaramin rauni suka fara.

ƘWAYAR CIWON JIKI DA TABA

Malamin ya nuna takaicinsa a kan haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a tasha da kasuwanni. Ya ce irin su diklofenak da ibufurofen idan aka mayar da su abin sha kullum suna cin ƙoda, suna ƙwarzane ciki har ya yi jini, suna kuma ɗaga hawan jini, kuma tsoho ya fi kowa saurin cutuwa da su. Wasu haɗin ma akwai ƙwayar da ke kumbura fuska ta ɗaga suga. Haka magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu da lasifika, ya ce babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma suna iya kayar da mai ciwon zuciya. Ya roƙi kowane saurayi ya tattara duk abin da mahaifinsa ke sha, na bature da na gargajiya, ya kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

A kan taba, ya kawo binciken da aka fara a Ingila a 1951 a kan likitoci su kansu, aka bi su shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mashaya taba suna rasa kimanin shekara 10 na rayuwa. Wanda ya bari yana ɗan 30 yakan tsira daga kusan duka asarar, na 40 ya ceto kimanin shekara 9, na 50 shekara 6, na 60 kuma shekara 3. Ya ce darasi biyu ke nan: dattijo bai makara ba, saurayi kuma shi ya fi kowa riba in ya bari yau. Ya haɗa da shisha da tiramol da kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Ya ce mai shan waɗannan bashi yake ci a kan tsufansa.

ABIN DA KUNYA KE ƁOYEWA

Ya ce akwai larurorin da uba ba zai taɓa faɗa wa ɗansa ba saboda kunya, musamman ɗan fari. Na gaba a ciki shi ne matsalar fitsari. Akwai wata ƙwaya a ƙarƙashin mafitsarar namiji da kan kumbura idan shekaru suka ja, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko mutum ya tashi sau huɗu sau biyar a dare. Mafi yawa kumburi ne kawai da ake magancewa, wani lokaci kuma daji ne, wanda gano shi da wuri ya fi. Ya ce saurayi ya lura, in ya ga Baba yana yawan zagayawa ko yana daɗewa, ya sami aminin mahaifin ko ƙanensa ya yi masa maganar.

Sai ido. Ya ce binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a Nijeriya, alhali aikinta a asibiti ɗan lokaci ne mutum ya koma gani. Ya gargaɗi 'yan'uwa kada su bari masu yawo ƙauye-ƙauye su soka wa iyayensu tsinke a ido da sunan kawar da yana, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ya ƙara da cewa rashin gani ne ke jawo faɗuwa, karayar ƙugu kuma ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. A sa fitila a hanyar bayan gida, a gyara santsin makewayi, a kafa ƙarfe ko icce da zai dafa.

KAƊAICI DA KUƊIN SALLAMA

Malamin ya ce akwai cutar da na'ura ba ta aunawa. Mutumin da jiya ɗalibai ɗari biyar ke miƙewa in ya shigo, yau yana zaune a zaure tun hantsi babu mai neman shawararsa, 'ya'yansa na wucewa kowa kansa a kan waya. Ya ce har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a 2023 a kan kaɗaici saboda illarsa ga lafiya. Dattijon da ya daina cin abinci, ya daina fita, barci ya ƙaurace masa, ba rigimar tsufa ba ce, yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ya ce a ba iyaye aiki: tsohon malami ya koyar a ajin yaƙi da jahilci, tsohon akawu ya riƙe littafin ƙungiyar manoma, tsohon ma'aikacin gona ya duba wa samari iri da taki. Kuma kada a sayar da ko akuya a gida ba a nemi shawararsu ba.

Game da kuɗi, ya ce tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ke tara kuɗi a asusun ma'aikacin, jihar Kaduna kuma ta shiga irin wannan tsari a 2017. Ya shawarci samari masu ilimi su taimaki iyayensu wajen daidaita takardu tun saura shekara guda, musamman suna da ranar haihuwa, domin saɓanin harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar watanni. Idan kuɗi ya fito, a fara ware na magani. Ya tunatar da yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a 2016, CBEX kuma a 2025, ya ce duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi a wata guda, a riƙe hannun Baba. Ya kuma ce a je a tambayi yadda ake rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, a cibiyar lafiya ta mazaɓa.

TAMBAYOYI

Bayan sallar Magariba aka ba da damar tambaya. Wani ɗan'uwa daga Paki ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ashe ba tsawon rai a hannun Allah yake ba?" Malamin ya ce, "Haka ne ɗana, babu mai ja da wannan. Amma arziki ma a hannun Allah yake, ban kuwa taɓa ganin manomin da ya ƙi sa taki saboda haka ba." Ya ce babu likitan da ke ƙara wa mutum kwana, abin da aka ɗora wa bawa shi ne kula da amanar jiki, kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe yana zuwa jam'i da ƙafarsa da wanda ya yi su ana juya shi.

Wani daga Likoro ya ce mahaifinsa yana da suga amma ya ƙi ajiye azumi. Malamin ya ce a kai shi ga likita tun saura wata ɗaya ko biyu Ramadan a gyara masa lokutan magani, domin wasu masu suga za su iya azumi, wasu kuwa hatsari ne gare su. In yana azumi awo ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa, ya sha ruwa nan take. Ya ce rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne, a sami malamin da Baba ke ganin girmansa ya tuna masa.

Na ƙarshe, wani daga Gazara ya ce mahaifinsa ko sunan asibiti ba ya son ji. Malamin ya ce kada ya je masa da umarni ko gardama, domin uba ba ya son ɗan da ya haifa ya zama malaminsa. Ya ce ya fara ɗaura na'urar a hannun kansa a gaban mahaifin, sannan ya ce, "Baba, ko za a gwada naka mu gani?" In ya ƙi, ya bi ta wajen Inna ko limamin unguwa, ya kuma yi haƙuri ya sake gwadawa.

Malamin ya rufe da neman kowane ɗan'uwa ya yi abu uku kafin Juma'a mai zuwa: ya sa a auna jinin mahaifinsa da na mahaifiyarsa, ya duba irin magungunan da suke sha, ya kuma zauna da su hira ta rabin awa ba tare da waya a hannu ba. Ya yi addu'ar Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan iyayen da suka rigaya, Ya sa a gama da na raye lafiya. Kafin a watse an auna jinin waɗanda suka halarta, aka kuma shawarci wasu daga cikin samarin su kansu su je a sake auna su a asibiti.